Zan Raba Goro, Ba Zan Ci Ba

Uwata Hauwa'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya tsare mini ke a gida da kan hanya da duk inda za ki sauke kaya, ya kuma sa ki karanta takardar nan har ƙarshe kafin ki fara yi mini musu.

Shekarar da rana ta yi husufi, ranar da duhu ya rufo da hantsi har kajin Unguwar Kanawa suka nufi akurki, muka rufe kwandunan goro muka ruga masallaci, a cikin satin nan aka haife ki. Na sa miki sunan mahaifiyata, shi ya sa bakina bai taɓa kiran ki da komai ba sai Uwata. Yau ma Iro mai rubuta mini ne ya ce takarda ba ta tafiya babu suna. Tun daga husufin zuwa yau ban taɓa aika miki takarda ba. Me zai sa in aika, ɗakinki na kallon nawa, ni kuma ban taɓa zama a aji ba? Hannun da kike gani na Malam Iro ne, aminina, tsohon malamin firamare da ƙofar gidansa ke kallon tamu. Muna zaune a zaurensa bayan la'asar, ina faɗa yana rubutawa yana tsoma mini baki.

Ga dalilin takarda. Bara kin samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya a Katsina, kika bar shi saboda ina kwance. Bana sun sake ba ki, sun ce in ba ki bayyana a satin nan ba, shi ke nan. Tun Juma'a kika ɗaure jakarki. Jiya sai ga yayanki Sani da labarin wai kin zazzage kayan kin mayar durowa. Da na kira ki na tambaya, kika durƙusa kika ce, “Baba, in na tafi ba za ka yi wata guda ba sai an mayar da kai asibiti. Ba ka iya mayar da kwanon kowa, kuma ba ka yarda kowa ya san abin da ke damunka.” Na daka miki tsawa, kika fita kina share ido da mayafi. Na yi tsawar ne don ba ni da amsa a lokacin. Yanzu ina da ita, sai dai tana da tsawo, kuma akwai maganar da uba ba ya iya yi yana kallon idon 'yarsa, ko da kuwa 'yar ce ta riƙa wanke masa wando.

Kin san yadda abin ya faro. Fitsari ya riƙa tsaya mini, aka yi gwaje-gwaje aka ce ciwon daji ne a wata 'yar ƙwaya da ke ƙarƙashin mafitsara, aka ce sai an yi gashi. Muka hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa asibitin da ke da na'urar gashin, ni da ke da buta da bargo. Da aka kwantar da ni ƙarƙashin na'urar nan mai kewaya mutum tana ƙugi, ba zafi ba hayaƙi, na ce wa nas ɗin nan doguwa mai tabarau, “Yarinya, wannan ai wasa ne.” Ta ce, “Baba, wuta ce da ba a gani. Tana ƙona cutar, amma hanji maƙwabcinta ne, shi ma tana lasar sa. Zai yi laushi kamar fatar da ta ƙone, abincin da yake wucewa lafiya a da zai riƙa kankarar sa. Wani yakan warware cikin makonni, wani ya daɗe yana lallaɓa ciki.” Ta shiga lissafo mini: yaji, soye-soye, wake, ɗanyen ganye, madara, shayi mai kauri, kofi, lemon kwalba mai iska. Na ce, “Na ji.” Ke kina gefe kina gyaɗa kai. Ke ce kika ji. Ni kunnena kawai na ba ta aro.

Da muka dawo gida aka fara zuwa dubiya. Allah ya saka wa mutanen unguwar nan da alheri, babu wanda ya shigo hannu rabbana. Dangin marigayiya uwarki na Kurmin Mashi suka aiko da fura da nono a ƙwarya mai faifai. 'Yan kasuwarmu suka kawo tsire da ƙuli da albasa. Wata ta aiko dambun zogale wai yana ƙara jini. Ladi matar Iro kuwa, da yake ta san abin da nake so tun ina saurayi, kusan kullum sai ta aiko ɗanwake yana ninƙaya cikin man gyaɗa, ga yaji a murfin kwano. Ke kina karɓa kina godiya, kina kaiwa bayan randa ki ɓoye. Ni kuma ina jiran ki shiga wanka in lallaɓa in ɗauko.

Ba kwaɗayi kaɗai ba ne, Uwata, ko da yake da shi. A gidan da na tashi, in maƙwabci ya aiko da kwano ka mayar ba ka taɓa ba, ka gaya masa ke nan kana zargin abin da ya zuba a ciki. Na ga gida biyu da suka daina gaisawa har mutuwa a kan kwanon tuwo guda. To ni da na ci abincin Ladi tun kafin a haifi yayanki, yaya zan bari kwanonta ya koma da nauyinsa? Sai in cinye, in sa a wanke a mayar. Ita kuma ta ga kwano fes ta ce Alhamdu lillahi mai goro ya samu baki, gobe ta ƙaro. Abin da ya biyo baya ke kika sani: murɗar ciki, iska, da zawo mai zuwa ba sallama, wanda tsakanin tabarmata da banɗaki ma sai ya zama tafiya mai nisa.

A nan Iro ya ajiye biro ya kama haɓa. Ya ce, “Kai Garba! Ashe ɗanwaken matata ne yake kayar da kai, ka bar ta tana ta neman lada da abin da ke yanka ka? Wallahi ka cuce ta.” Na ce ya rubuta kawai. Ya ce ba zai rubuta ba sai ya shiga ya gaya mata. Ya shiga. Ga shi ya fito ya ce tana can tana salati tana cewa me ya sa Hauwa ba ta faɗa ba. Na ce a gaya mata ni na hana ki.

To ga abin da na gano, ki tafi da shi inda za ki. In kin zama nas, kada ki tsaya ga gaya wa majiyyaci abin da zai bari. Shi ba shi kaɗai yake cin abincinsa ba, unguwa guda ce ke ciyar da shi. Ki nemi mai kawo kwanon. Kuma kada ki ce mata ta daina kawowa, zuciyarta za ta ɓaci, lada take nema. Ki gaya mata abin da cikin yake karɓa, ta dafa wannan. Yanzun nan Ladi ta aiko tambaya ta bakin Iro, na ce tuwon shinkafa mai laushi da romon kaza marar yaji, ko dafaffen dankali a ɓare bawon. Ta ce ai wannan ya fi ɗanwake sauƙin yi. Dubi abin da na kwashe watanni ina gudu.

Sai maganar goro. Wannan har yau ina ganin da ɗan gaskiyata. Nas ta ce shayi, ta ce kofi, ba ta ce goro ba. Ni kuwa goro a wurina ba abinci ba ne balle a hana ni. Tun ina bin mahaifina ina yayyafa wa huhun goro ruwa nake tauna shi. Mai sayar da goro da ba ya ɓantara ya ɗanɗana, wa zai yarda da kayansa? Kika gyara mini abinci tsaf, farar shinkafa, koko tatacce, ayaba nunanniya, amma ciki ya ƙi tsayawa, kina ta mamaki. Ranar nan na dawo daga bakin titi kika tare ni a tsakar gida kika ƙura mini ido.

Kika ce, “Baba, buɗe bakinka.”

Na ce, “Ni? In buɗe miki baki kamar akuyar sayarwa a kara?”

Kika ce, “To yi dariya.”

Ban yi niyya ba, amma yadda kika tsuke fuska sak mahaifiyata, sai dariyar ta kuɓuce mini, haƙora suka fito jawur. Da muka koma ganin likita kika kai ƙarata a gabana. Ya ce abin da ke cikin kofi mai hana barci shi ne a cikin goro, kuma yana zaburar da hanji ya yi ta gudu. Na ce masa goro fari fa? Ya ce har fari. Na ce daushe? Ya ce, “Baba, har wanda ba a shuka ba tukuna.” Na bari ba don na so ba, na yi kwanaki ina ciwon kai ina faɗa da kowa, amma cikin ya lafa, ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Don haka in tsoho ya zo gabanki, bayan kin tambaye shi abin da yake ci, ki tambaye shi abin da yake taunawa da abin da yake kurɓa wanda shi bai ɗauke shi abinci ba. Goro, taba gari, jiƙe-jiƙe, shayin mai shayi da ake dafawa har ya yi baƙi. Ba ƙarya zai yi miki ba, shi dai bai lissafa su ba ne.

Akwai wata dabara da na yi wadda na ɗauka ta masu hankali ce. Na ce tunda ruwa ne ke fita, bari in daina zuba ruwa. Ranar wata Juma'a tun safe ban kurɓi komai ba don in samu in je masallaci in dawo ba abin kunya. Ana tsakiyar zafin bazara. Ban kai ko bakin kwalta ba na ga gari yana juyawa, harshena kamar busasshen ganye, sai masu keke ne suka kwaso ni. Ke kika jiƙa ruwan gishiri da sukari na cikin 'yar leda, kina ba ni cokali cokali kina yi mini faɗa ƙasa ƙasa don kada Sani ya ji. Daga baya nas ta ce mai zawo ya fi kowa bukatar ruwa, sai dai kada ya kwankwaɗa lokaci guda, ya riƙa kurɓa kaɗan kaɗan yini guda, tsakanin abinci da abinci, ba mai ƙanƙara ba, ba mai tururi ba. Yanzu gorar ruwana na rataye a jikin kujerata, kina iya zuwa ki duba. In fitsari ya yi ja na san na yi sake, sai in ƙara.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na jini. Watanni bayan an gama gashi, har na fara cewa na tsallake, sai na ga jini a bayan gida. Ban gaya miki ba. Na ce basir ne, don mu a wurinmu duk abin da ya fito ta nan basir ne. Akwai masu magani da ke tsayar da mota a bakin kasuwa da lasifika, suna lissafo alamomi kamar sun kwana a ɗakinka. Na sayi gora guda ta wankin ciki na sha a ɓoye. Uwata, hanjin da wuta ta riga ta lasa, na je na aika masa da abin da zai wanke shi da ƙarfi. Kin tuna sauran: ƙarin ruwa a hannu, ke kina zaune a kan benci da hijabin da kika yi salla da shi ba ki ko canza ba. Likita bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Cewa ya yi gashi yakan bar jijiyoyin cikin hanji da rauni, su riƙa tsattsafo da jini ko bayan an daɗe, kuma akwai abin da ake yi a kai, amma sai an duba an tabbata ba wani abin ba ne daban. Ya ce in na ga jini, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko zazzaɓi, ko amai, ko ciwon cikin da ya ƙi lafawa, ko na ga ina ramewa, kada in jira ranar da aka rubuta mini, in taho. Har ƙwayar tsayar da zawo ya ce kada in saya a kemis da ra'ayina, sai yadda ya tsara mini. Na riƙe waɗannan kamar yadda na riƙe sunayen kakannina. Iro ma yanzu ya ji su, ya ce in ya ga na fara yin fari zai kira Sani ko ina so ko ba na so.

Ke kuma, duk wanda ya ce miki basir ne ke damun sa, kada ki yi masa dariya, kada kuma ki yarda nan take. Ki tambaye shi a hankali, inda babu jama'a, me ya gani da idonsa.

Yanzu bari in zo kan abin da kika ce, wai ba na yarda kowa ya sani. Haka ne. Kin san al'adar layinmu, bayan magariba kowane magidanci yakan fito da kwanon gidansa a shimfiɗa tabarma a ƙofar Iro a ci tare. Tun kafin a sa wutar lantarki a layin nan muke wannan ciyayya. Na daina fita. Na daina zuwa jam'i, ni da nake bayan liman tun yana da baƙin gemu. Aka tambaya na ce gwiwa ce. Har man zafi Iro ya sayo mini, na karɓa na yi godiya na shafa wa gwiwar da ba abin da ya same ta. Tsorona kada ina cikin sahu ciki ya motsa, ko iska ta kuɓuce, dattijo kamata. Zaman ɗakin nan ya fi gashin ci na. Mutumin da aka saba kira duk suna da ɗaurin aure ya faɗi wane ya haifi wane, wace shekara aka sari fegin wane, sai ga shi yana leƙen unguwa ta taga.

Ke ce kika je wurin liman ba da sanina ba. Na yi fushi, yau ina godiya. Ya zo har ɗaki ya zauna a bakin tabarma, ya ce addini bai ƙuntata wa mai lalura ba, ya koya mini yadda mai irin halina yake alwala da salla, ya ce in tsaya a ƙarshen sahu kusa da ƙofa in hakan ya fi mini kwanciyar rai. Da azumi ya zo na ce sai na yi, shi ne ya ce likita ya hana, Allah kuma ya yi rangwame, to ni da wa nake gasa? Da ma ga yadda muke buɗa baki, ƙosai da kunun tsamiya da ruwan sanyi a kan cikin da ya yini a rufe. Na ciyar, ban mutu ba.

Sauran dabarun ke da nas kuka koya mini, ni kuma na ƙara nawa. Ba na cika ciki, kaɗan nake ci sau da yawa, ina taunawa kamar mai jin tausayin abincin. In zan fita nakan ci da wuri in zauna in jira ciki ya gama maganarsa tukuna. Na san duk gidan da zan iya yin sallama in nemi banɗaki daga nan har kasuwa, kuma babu wanda ya taɓa tambaya ta dalili. A aljihun babbar rigata akwai leda da wando a naɗe. In na yi tsarki, da ruwa mai ɗumi kaɗan ne, ba sabulu mai ƙamshi, in dangwala tsumma mai laushi in busar, ba gurzawa ba, in shafa man da suka ba ni. Iro yana cewa wannan ma sai an rubuta? A rubuta. Yarinyar aikin jinya za ta koya, kuma ta ga abin da ya fi wannan.

Kada in manta da lokacin da na zarce. Bayan na sha wuya sai tsoro ya kama ni, na ce daga farar shinkafa sai koko, ba na ƙara komai. Na rame har hulata tana faɗo mini kan ido. Kika kai ni wurin matar nan ta asibiti mai tsara abinci, ta ce takura ta lokacin da ciki ke gudu ce, ba ta har abada ba, jiki na bukatar abin da zai gina shi. Ta ce a riƙa dawo da abinci ɗaya bayan ɗaya, ɗan kaɗan, a saurara kwana biyu a ji abin da ciki zai ce kafin a ƙara wani. Ta ce a riƙa rubutawa. Na ce ni da nake riƙe da haihuwar unguwa guda a ka, abin da na ci shekaranjiya ba zai ɓace mini ba. Ga shi kuwa, ki gwada ni. Dafaffen ƙwai ya zauna. Kifi dafaffe ya zauna, soyayye ya ƙi. Kabewa da karas in sun dahu lugub sun zauna. Miyar kuɓewa 'yar kaɗan ta zauna in ba a cika mata daddawa da barkono ba. Kindirmo cokali biyu ya zauna, madarar gari ta ƙi ƙememe. Gwanda ta zauna, mangwaro ya kore ni da gudu. Wake har yau muna gaba, ko da yake alala marar mai ta fara yi mini sallama. Amma kada ki ɗauki cikina ki auna na kowa. Direban nan ɗan Rigasa da muke layin gashi tare, shi madara ba ta yi masa komai, kuɓewa ce abokiyar gabarsa. Kowane majiyyaci ki bar cikinsa ya ba ki labari da kansa.

Na san abin da ya rage a ranki. Za ki ce to wa zai dafa, wa zai hana? Rabi matar yayanki tana da hannun girki, amma suruka ce, ko inuwata ta gani sai ta sunkuyar da kai. In na ce ƙara yaji ba ta da bakin cewa a'a. Na yi tunanin wannan. Yau da hantsi, kina wurin kitso, na aika aka kira ta. Ta durƙusa a bayan labule. Tun da aka kawo ta gidan nan maganarmu ba ta wuce ina kwana ba. Na ce, “Rabi, cikina ba shi da lafiya tun gashin da aka yi mini. Uwata za ta gaya miki abin da nake ci. Daga yau in na ce ki ƙara yaji, ki yi kamar ba ki ji ba.” Can ta ce, “Ko ka yi faɗa, Baba?” Na ce, “Ko na yi faɗa.” Ta ce, “Ko ka ce za ka gaya wa Abban Ummi?” Sani take nufi. Na ce, “Shi ma ki yi kamar ba ki ji shi ba.” Na ji tana danne dariya har labulen na motsi. Ashe ta daɗe da sanin komai. Ta ce tana ganin ki kina shanya wandunana a bayan ɗaki inda ba mai gani, sai ta riƙa janye yara daga wajen. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka.

Kin ga ke nan. Kika ce ba na yarda kowa ya sani: ga Iro ya rubuta da hannunsa, Ladi ta ji, Rabi ta ji, liman ya daɗe da ji. Jiya ke kaɗai ce kike gadin cikina. Yau masu gadin sun yi yawa har ina tausayin kaina.

Uwata, ban iya godiya da baki ba, ba a koya mana ba. Amma ina sane da komai. Ina sane da shekarar da kika ajiye saboda ni, ƙawayenki suna ɗinka farin kaya ke kina tace koko. Ina sane da ranakun da na ture kwano na ce abincin marasa lafiya ne, kika ɗauke, kika dawo da shi da ɗumi bayan na huce. Na gode wa Allah da ya ba ni cutar da aka samu maganinta, na gode wa likitocin nan da nas mai tabarau da ban ko riƙe sunanta ba, ni mai riƙe sunaye. Amma ke ce Allah ya sa kika riƙe ni. Hannun nan naki ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai tsofaffi masu taurin kai irina a can suna ɓoye goro a kumatu, suna jiran wadda za ta ce su yi dariya. In kika zauna saboda ni, kin mayar da ni abin da ya tare miki hanya, kuma wannan ba zai zauna mini a ciki ba fiye da wake.

In kin je, ki ci abinci a kan lokaci, kada ki zama mai gaya wa mutane abin da ba ta yi. Ki riƙe salla. Ki kira ni ranar Juma'a, ki tambaye ni duk abin da kike so, zan amsa ba tsawa. In na yi ƙarya Iro na kusa, zai karɓe wayar.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya haɗa ki da malamai masu haƙuri da abokan zama nagari. Allah ya sa albarka a karatunki da hannunki, ya jiƙan mahaifiyarki da mai sunanki. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini tsawar jiya.

Gobe da safe akwai suna a gidan Sale direba, nan bayan masallaci, kuma kamar kullum ni aka ba rabon goro. Zan yi asuba a cikin sahu. Zan zauna a tabarma in faɗa musu kakan jaririn da kakan kakansa, in bi kowa da goronsa har na ƙarshen layi. In aka kawo waina da miyar taushe aka turo mini, zan ce a gaban kowa, “Ku ci, ni cikina ba ya ɗauka tun da aka yi mini gashi,” in buɗe kokon da Rabi za ta zuba mini. Ke dai ki mayar da kayanki cikin jaka ki jira ni a zaure. In na dawo zan buɗe miki bakin da kaina, kamar akuyar sayarwa, ki duba haƙoran da kyau. In kin ga ja, ki zazzage jakar. In ba ki gani ba, Sani ya tsayar da keke, ni zan raka ki tashar Kawo.

Mahaifinki,
Garba mai goro